Shagon ɗinkin marayu a Tudun Wadar Zariya: abin da na gani bayan zango guda

Ni ne sakataren kwamitin iyaye da malamai na wata ƙaramar makarantar al'umma a cikin birnin Zariya, kuma cikin ayyukan da suka rataya a wuyana kowace shekara akwai ɗinkin kayan makaranta. Mukan tara kuɗin iyaye tun cikin dogon hutu, mu sayo yadi a dunƙule daga Kantin Kwari a Kano, mu kai wa tela guda ya ɗinka wa sababbin ɗalibai, domin hakan ya fi sauƙi a kan kowa ya je ya ɗinka nasa, ga shi kuma launi da fasali sukan zo iri ɗaya. A wannan shekarar karatu wata uwa daga cikin 'yan kwamiti ta kawo shawarar mu kai aikin wani shago da ke Tudun Wada, inda ake koya wa marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira ɗinki. Ba zan ambaci sunan shagon ko na masu shi ba, saboda akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba da zan faɗa a fili, kuma saboda yaran da ke ciki suna da haƙƙin a sakaya su.

Shawarar ta raba kan kwamitin. Wasu suka ce ga lada ta zo har gida, tunda dama kuɗin ɗinki za mu biya ko ta yaya, gara su shiga hannun da zai ciyar da maraya. Ma'ajinmu kuwa ya ce kuɗin da ke hannunmu amanar iyaye ce, yawancinsu ma talakawa ne da suka yi ta ƙulla naira ɗari-ɗari kafin su haɗa, don haka ba mu da hurumin yin sadaka da su idan aikin ba zai yi kyau ba. Dukansu biyu suna da gaskiya, shi ya sa aka wakilta ni in je in gani da idona kafin a yanke magana.

Shaguna biyu ne aka fasa bangon da ke tsakaninsu, sai wata rumfar kwano a baya inda ake yanka da guga. Na ƙirga kekunan ƙafa tara, yawancinsu Butterfly da suka sha jiki, da babban keken lantarki guda, da keken wibin guda, wanda ke ɗaure bakin yadi don kada ya zare, da dutsen guga na gawayi biyu, da ƙaramin janareto a kulle cikin keji. Wurin yana da tsabta, an tara ƙyallaye a buhu guda ba a bar su a ƙasa ba, kuma kowane almakashi yana da ƙusar da ake rataye shi. A ranar da na fara zuwa yaran da ke koyo goma sha huɗu ne, daga mai shekara 13 zuwa mai 18, 'yan mata a ɓangare ɗaya, samari a ɗayan. Da safe suna makaranta, ba sa shiga shago sai bayan azahar, su tashi kafin magariba. Babu allon da ke shelar cewa marayu ne ke ɗinki a nan, kuma a jikin ƙofa an manna takarda cewa ba a yarda baƙo ya ɗauki hoton yara ba. Wannan takarda ce ta fara kwantar mini da hankali, domin na sha ganin yadda ake jera yara a ba su buhun shinkafa su riƙe, a ɗauke su hoto a sa a Facebook, fuskarsu ta yi ta yawo a duniya shekara da shekaru bayan shinkafar ta ƙare.

Yawancin yaran daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari suke, wasu daga Zamfara da kudancin Katsina, biyu kuma daga Borno, waɗanda aka goyo su zuwa nan a shekarun da rikicin Boko Haram ya fi tsanani, wajajen 2014. Mu mazauna Zariya ba ma buƙatar a ba mu labarin yadda abin ya kusanto mu. Giwa maƙwabciyarmu ce, a watan Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga har cikin kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, kuma a ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun, inda daga baya aka dawo da yara 137. Sai dai waɗanda suka gudo Zariya ba a sansani ake samun su ba, balle a ƙirga su a kai musu ɗauki. Sun raɓe ne a gidajen dangi, da kangaye, da gine-ginen da ba a kammala ba a gefen gari, kuma 'ya'yansu sun saje da almajirai da masu talla har ba a bambancewa. Daga cikin irin waɗannan ne shagon yake ɗauko nasa.

Mutum biyu ne ke riƙe da wurin, kuma wanda bai fahimci bambancin da ke tsakaninsu ba, ba zai fahimci shagon ba. Ta farko Hajiya ce, tsohuwar malamar firamare da ta sa kuɗin sallamarta daga aiki ta sayi kekunan farko. Na biyu dattijon tela ne ɗan cikin birni, wanda kowa ke kira Baba, ya shafe fiye da shekara arba'in a sana'ar, ya kuma tashi a gidan masu aikin hannu na manyan riguna, irin aikin da aka san Zazzau da shi. Hajiya ba ta iya ganin yaro a wulaƙance ta wuce. Baba kuwa ba ya iya ganin ɗinki a karkace ya wuce. Ita takan ce duk yaron da ya zo bakin ƙofa Allah ne ya kawo shi, shi kuma yakan ce keke tara ba ya koya wa yaro ashirin.

Muka yi ciniki. Saiti 84 muke so, 46 na maza, riga da wando, 38 na mata, riga da wando da hijabi. Sun ce naira 2,500 kowane saiti, alhali telolin da muka tambaya a Sabon Gari da Ƙofar Doka sun tsaya tsakanin 2,000 da 2,200. Na tambayi dalilin bambancin, Baba ya ce a kowane saiti akwai kason da ake ajiye wa yaron da ya ɗinka, kuma mai koyo ya fi gwani cin zare da ɓata lokaci. Ban ga an yi mini wani dogon wa'azi a kan ladar taimakon maraya don in yarda da farashin ba, an dai faɗa mini yadda lissafin yake, aka bar ni in zaɓa. Kwamiti ya amince bayan an sanar da iyaye, muka ba da kafin alƙalami na rabin kuɗin, aka yi mana alkawarin mako uku. Baba da manyan yara biyu suka zo makaranta suka auna kowane ɗalibi da tef, suka rubuta awonsa da lamba, maimakon a raba su kashi uku na babba da matsakaici da ƙarami kamar yadda aka saba yi mana. Wannan kaɗai ya bambanta su da duk wanda ya taɓa yi mana aiki.

Alkawarin bai cika ba, kuma dole in faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Kayan sun yi latti da kwana tara, aka koma makaranta fiye da rabin sababbin ɗalibanmu suna zuwa da kayan gida, iyaye suna tare ni a hanyar masallaci suna tambaya, wasu har da ɓacin rai. Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya kira ni ya gaya mini za a yi latti, sai da na je da ƙafata ranar da aka ce in zo na tarar ko rabi ba a gama ba. Da an faɗa mini tun mako guda kafin nan, da na sanar da iyaye, maganar ba ta kai inda ta kai ba.

A nan na gano dalilin lattin. Cikin waɗannan makonni uku an kai hari wani ƙauye, mutane suka watse, Hajiya ta karɓi sababbin yara shida a lokaci guda, adadin ya tashi daga goma sha huɗu zuwa ashirin. Kekuna ba su ƙaru ba, sai aka koma karɓa-karɓa, aka kuma ɗauke manyan yara biyu da suka fi kowa hannu daga kan aikinmu aka sa su koya wa sababbi taka keke. Ga wutar lantarki da ba ta tsayawa, ga man janareto da ya zama abin lissafi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, har ya zama babban keken da na wibin ba sa aiki sai awa biyu ko uku a rana. Ina zaune a kan benci maganar ta tashi tsakaninsu, cikin ladabi amma da nauyi. Baba ya ce, "Hajiya, na gaya miki mu jira mu sallami aikin Malam tukuna. Yanzu ga shi mun ɓata da mai kawo mana aiki, su kuma shidan ba abin da suka koya sai zaman jiran keke." Ta ce, "Baba, a kango na same su, ruwa yana dukansu. Da wane baki zan ce su jira mako uku?" Daga nan ta juyo ta ba ni haƙuri, ta ce laifin nata ne, kada in ɗora wa yaran.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kuma hukuncina shi ne a wannan gaɓa Baba ya fi ta gaskiya, ko da yake zuciyata tana tare da ita. Fitar da yaro daga kango da sa shi a kan keke abubuwa ne biyu daban. Za a iya nema wa shidan nan wurin kwana da abinci da gurbi a makaranta tun daren farko, a jinkirta shigarsu shago har sai an samu keken da za su hau. Da aka haɗa biyun, sai goma sha huɗun da ke kan hanya suka rasa rabin lokacinsu, shagon kuma ya kusa rasa mai sayen da kuɗinsa ke biyan haya da zare. Wurin da ke ciyar da kansa da aikin hannunsa, sunansa a bakin masu kawo aiki shi ne jarinsa, kuma idan wannan jari ya karye, ba shida kaɗai za su koma kango ba, har da waɗanda suka riga su.

Mun ga irin wannan a babban mataki, ba sau ɗaya ba. A zamanin shugaba Goodluck Jonathan an gina makarantun almajirai na zamani 157, aka buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012, amma da yawa daga cikinsu sun lalace ko an mayar da su wani abu daban, saboda an yi tanadin gini ba a yi tanadin wanda zai ci gaba da biyan malamai da ciyar da yara ba. A nan Kaduna, lokacin da gwamnatin jiha ta fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairun 2016, azuzuwa sun cika sun batse, mu malamai muka ga yaran da ke zuwa da kwano su ci su tafi, daga baya kuma shirin ya tsaya saboda nauyin kuɗinsa. Haka kuma kowa a garin nan ya san inda kekunan ɗinkin da ake rabawa a bukukuwan tallafi suke ƙarewa, domin wanda aka koya wa ɗinki na mako biyu aka miƙa masa keke, ba shi da abin yi da shi face ya kai kasuwa ya sayi hatsi. Ba na zargin niyyar kowa a cikin waɗannan. Abin da ya haɗa su shi ne an auna aikin da yawan waɗanda aka taɓa, ba da yawan waɗanda suka tsaya da ƙafarsu ba.

Da kayan suka iso, na zauna da malamai biyu muka duba su ɗaya bayan ɗaya. Saiti 73 ba su da abin faɗa, ɗinkin a miƙe yake, an bi bakin yadi da wibin ta ciki, an ninka ɗinki a hammata da tsakiyar wando inda kayan yara suka fi yagewa, an kuma bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando don a saki idan yaro ya ƙara tsawo. Goma sha ɗaya kuwa suna da matsala. Bakwai aljihun rigar ya karkace ko maɓallan ba su yi daidai da ramukansu ba, huɗu kuma fuskar hijabin ta matse har tana shatar goshin yarinya. Na mayar da su ina jin nauyi, kuma gaskiya na shiga shagon ne da niyyar a gyara hijaban kawai, a bar aljihunan yadda suke tunda ba za su hana sa riga ba.

Abin da ya faru a nan shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Baba ya shimfiɗa rigunan a kan teburin yanka, ya juya kowace ya duba lambar alli da ke cikin wuya, wadda ke nuna wanda ya ɗinka. Biyar daga cikin bakwai na yaro ɗaya ne, ɗan kimanin shekara 14, siriri, mai yawan sunkuyar da kai. Ya kira shi, bai ɗaga murya ba, ya ɗora tef daga kafaɗa zuwa bakin aljihu ta dama da hagu, ya bar yaron ya karanta lambar da kansa. Sannan ya miƙa masa reza ya ce ya farke duka biyar. Na ga idon yaron ya kawo ruwa, sai na ce, "Baba, a bar waɗannan, ai ba wani abu ba ne, za mu karɓa haka." Ya dube ni ya ce, "Malam, idan ka karɓa don tausayi, ka cuce shi. Ni na kusa gama nawa. Ranar da zai buɗe shagonsa, wanda zai kawo masa yadi ba zai tambaye shi ko yana da uba ba, aljihu zai duba." Yaron ya zauna a ƙasa ya ɗora rigar a gwiwa, yana cire zaren da bakin reza a hankali don kada ya yanki yadin, yana tara guntayen a tafin hannunsa. Baba ya ja kujera kusa da shi, ya zana masa layi da alli a rigar farko, ya riƙe masa yadin har ya ɗinka ta, sauran huɗun ya bar shi shi kaɗai. Bayan kwana biyu aka kawo mana duka goma sha ɗayan a gyare, ba a karɓi ko sisi ba.

Na fita daga shagon ina tunanin ayar nan ta shida a Suratun Nisa'i, wadda ta umarci masu riƙon marayu su riƙa jarraba su har su kai munzalin aure, idan sun ga hankali da iya juya al'amari a tare da su sannan su miƙa musu dukiyarsu. Mun fi yawan ambaton falalar shafa kan maraya da ciyar da shi, kuma gaskiya ce, amma wannan ayar tana magana ne a kan shirya shi don ranar da mai riƙon zai janye hannu. Da na karɓi rigunan nan a karkace, da na tafi ina jin na yi alheri, shi kuma yaron ya koyi cewa maraicinsa yana iya rufe masa aibin aiki, darasin da zai bi shi har girma ya hana shi zama gwani.

Duk da haka ba zan bar mai karatu ya ɗauka cewa Baba ne mai gaskiya a komai ba. A zuwana na uku na lura da wani yaro a rumfar baya yana hura gawayin dutsen guga. Wasu 'yan acaɓa uku suka shigo layin a guje a lokaci ɗaya, kafin in ankara yaron ya saki mafici ya shige ƙarƙashin teburin yanka, ya toshe kunnuwansa, jikinsa yana rawa. Sauran yaran ba su yi dariya ba, alamar sun saba. Wata yarinya ta ɗebo ruwa a kofi ta ajiye kusa da shi ta koma kan kekenta. Daga baya na ji cewa a kan babura aka shigo garinsu daren da aka kashe mahaifinsa, kuma ya kusa shekara a shagon bai iya miƙar da ɗinki ba, domin hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. A lissafin Baba, wannan yaro yana tare gurbin wanda zai koya, ya kamata a mayar da shi wurin danginsa. Hajiya ta ƙi, ta ce a bar shi a kan guga da sa maɓalli ko da shekara nawa zai yi. A nan ina bayanta ba tare da wata tantama ba. Idan aka ce sai yaron da zai yi saurin koyo za a riƙe, to waɗanda yaƙi ya fi yi wa illa su ne za a fara zubarwa, alhali dominsu aka buɗe wurin. Kuma maɓallan rigunanmu da shi ya sa, har yau ban ga wanda ya cire ba.

Ita ce kuma ta kafe a kan cewa babu yaron da zai taɓa keke sai ya nuna ya je makaranta a ranar, ko da aiki ya yi yawa, ko da a jajibirin salla ne. Wannan ya rage wa shagon kuɗi sosai, kuma yana cikin abin da ya jawo mana latti, amma shi ne ya raba wurin da bautar da yara da sunan koyon sana'a. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, kuma tela da bai iya karanta awo da rubuta lissafi ba zai ƙare yana yi wa wani aiki har tsufa.

Akwai gyare-gyaren da nake ganin sun zama dole. Yaro irin na ƙarƙashin tebur yana buƙatar fiye da haƙuri da kofin ruwa, yana buƙatar ganin likitan da ya san irin wannan ciwo, kuma ba nisa za a je ba, tunda asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Mu a nan mukan ɗauki irin wannan firgita a matsayin abin da zai wuce da kansa ko abin da addu'a kaɗai za ta magance, alhali addu'a da magani ba sa karo. Sannan harkar takardu tana da rauni ƙwarai. Rasidin naira 105,000 da na bayar a fallen littafin rubutu aka yi mini shi. Kason da ake ajiye wa kowane yaro don a saya masa keke ranar yaye shi yana cikin wani littafi mai baƙin bango da Hajiya ke ajiyewa a jakarta, na gan shi, an rubuta komai dalla-dalla, amma kuɗin suna hannun mutum ɗaya, kuma rai ba a bakin komai yake ba. Dukiyar maraya ta fi ƙarfin a rataye ta a kan amanar mutum guda, komai nagartarsa. Ya kamata a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, a kuma rubuta yarjejeniya da waliyyin kowane yaro, tunda dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta tanadi cewa koyon sana'ar yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba sai da rubutacciyar yarjejeniya da yardarsa, kuma kada ta wuce shekara biyar. Na faɗa wa Hajiya wannan baki da baki, ta saurara, ta ce tana neman wanda zai taimaka mata da tsarin.

Yanzu ɗalibanmu sun yi zango guda cur da kayan, an wanke su ba adadi, an yi wasan ƙwallo da 'yar gala-gala da su. A shekarun baya kafin a kai hutun tsakiyar zango mukan ga wanduna sun buɗe ta tsakiya, hannayen riga sun fara zarewa. A wannan karo biyu kawai aka kawo mini da ƙorafi, ɗaya ma ƙusa ce ta kama shi. Ma'ajinmu, wanda ya fi kowa adawa da farko, ya lissafa ya ce ƙarin naira 300 zuwa 500 da aka biya bai kai abin da iyaye suka saba kashewa a gyara ba.

Wanda ke da aiki mai yawa iri ɗaya, kamar kayan makaranta, da zanen gado, da labule, da hijabai, zai iya kai musu da kwanciyar hankali, muddin ya ba su lokaci mai yalwa, ya kuma ƙara mako biyu a kan ranar da suka faɗa. Ɗinkin biki ko na salla da ake so cikin gaggawa, ko shadda mai tsada da kuskure ɗaya zai ɓata, ban ba da shawarar a kai ba tukuna, sai dai idan an yi magana Baba ne zai yanka ya ɗinka da hannunsa. Wanda kuma ya ga aibi a aikinsa ya mayar a gyara, kada ya yi shiru don jin nauyi.

A makon jiya na koma da yadin kayan wasanni saiti 60. Na gindaya sharaɗin cewa a rubuta ranar karɓa a rasidi, kuma idan za a yi latti a kira ni mako guda kafin ranar, Hajiya ta sa hannu, Baba ya sa. Kekunan sun zama goma sha ɗaya, domin wani mai kawo musu aiki ya ba da biyu, kuma an daidaita cewa ba za a ƙara ɗaukar sabon mai koyo ba sai an yaye manyan nan biyu bayan ƙaramar salla, ko da yake Hajiya ta ci gaba da biya wa wasu yara uku kuɗin littattafai suna jiran gurbi. Da Baba ya tashi auna samfurin, yaron nan mai aljihu ya kira ya miƙa wa tef da alli, shi ya zana layin aljihun a gabana, Baba ya ɗora tef ya duba ta dama da hagu, ya ce a yanka.